Yadda za ka binciki tsaro da sirrin waya a zango ba tare da ka ci amanar mutane ba

Wata Litinin da hantsi ina layin mai MoMo, wato mai rumfar cirewa da tura kuɗi ta waya, a unguwar Aboabo ta Kumasi a Gana, a gabana akwai wata tsohuwa da na sani tun ina makarantar allo. Ta kwance bakin zane ta ciro wayarta, irin ƙaramar nan mai maɓalli da muke kira yam, ta miƙa wa yaron da ke cikin rumfar, ta ce ya cire mata sidi 200. Da saƙon neman lambar sirri ya shigo sai ta faɗa masa lambobin huɗu da baki, muna ji mu duka, shi kuma ya danna. Lokacin ina shekarar ƙarshe ta karatun kwamfuta, kaina cike da dokokin da aka koya mana. Na matsa kusa na ce, "Mma, ba a faɗa wa kowa lambar nan fa." Ta dube ni ta ce, "'Yata, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan, ga shi kuma Turanci ne. Yaron nan a gabana aka yi sunansa, ni da uwarsa adashinmu ɗaya. In ban ba shi ba, wa zan ba?"

Na rasa abin da zan ce mata. Tambayarta ce ta ja ni na yi digiri na biyu a fannin tsaro da sirrin masu amfani da na'ura, daga baya kuma na riƙa taimaka wa wasu masu bincike da hira da fassara a zangunan Kumasi, wato unguwannin Hausawa da sauran 'yan arewa. Ƙannena ɗalibai suna yawan tambayata ta ina ake farawa, shi ya sa na zauna na rubuta hanyar da nake bi. Zan riƙa cewa "ka", amma har da ke nake.

Fannin da nake magana a kai yana duban tsaron na'ura ta fuskar mutumin da ke riƙe da ita. Injiniya yakan tambayi ko makullin yana da ƙarfi. Mu tambayarmu ita ce ko mai gidan ya iya kulle shi, ko yana da dalilin barinsa a buɗe, kuma wa yake ba ajiyar mabuɗin in zai yi tafiya.

Ka ɗan yi karatu kafin ka sa takalmi

Ba sai ka karanta komai ba, amma akwai ayyukan da in ba ka san su ba za ka ɓata wata uku kana gano abin da aka gano tun kafin a haife ka. A 1999 Alma Whitten da Doug Tygar suka zaunar da mutum 12 a gaban wata manhaja ta kulle saƙon imel mai suna PGP, suka ba kowa minti 90 ya aika saƙo a kulle. Huɗu kaɗai suka yi daidai, uku kuma suka aika sirrin a buɗe bisa kuskure. Mutanen nan masu ilimi ne, sun saba da imel, kuma lissafin da ke cikin manhajar ba shi da aibi. Fuskar manhajar ce ta ɓatar da su. A shekarar dai Anne Adams da Angela Sasse a Landan suka fitar da maƙalarsu mai suna Users Are Not the Enemy, wato masu amfani da na'ura ba abokan gaba ba ne, inda suka nuna cewa tsauraran dokokin kalmar sirri su ke sa ma'aikata rubuta ta a takarda. A 2009 Cormac Herley ya ƙara da cewa sau da yawa mutumin da ya ƙi bin shawarar tsaro lissafi ya yi: wahalar da shawarar ke ɗora masa kullum ta fi asarar da take kare shi daga gare ta. Aleecia McDonald da Lorrie Cranor kuwa a 2008 sun ƙiyasta cewa in Ba'amurke zai karanta ƙa'idojin sirri na duk shafukan da yake shiga, zai ci fiye da awa 200 a shekara.

Wadda ta fi yi mini amfani a zango ita ce Helen Nissenbaum. Ra'ayinta shi ne kowane labari yana da hanyar da ta dace ya bi, gwargwadon wurin da aka faɗe shi. Ciwon da mace ta faɗa wa ungozoma bai zama tonon asiri ba, sai ranar da ya isa kunnen kishiya. Duk wanda ya tashi a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya ya san wannan tun kafin ya ji sunanta, amma samun sa a rubuce yana taimaka maka wajen kare aikinka a gaban malamai.

Sai ka nemi aikin Nithya Sambasivan da abokan aikinta na 2018, waɗanda suka yi hira da mata 199 a Indiya da Fakistan da Bangladash kan yadda suke kare kansu a wayar da miji da ƙanne da 'ya'ya ke ɗauka a kowane lokaci. Kana karantawa za ka riƙa ganin fuskokin da ka sani. A nan gida, Jenna Burrell ta zauna da matasa a shagunan intanet na Accra ta fitar da littafi a 2012, Jay Chen da abokansa kuma sun gabatar da bincike kan fahimtar tsaron intanet a biranen Gana a 2014. Babban taron fannin sunansa SOUPS, an fara shi a 2005 a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, kuma maƙalunsa na shekarun baya-bayan nan kyauta ake sauke su a shafin ƙungiyar USENIX. Ka ware kuɗin data na mako ɗaya dominsu.

Kana karatu ka riƙe abu ɗaya a rai. Yawancin ayyukan nan an gina su ne a kan mutum ɗaya, waya ɗaya, lambar sirri ɗaya, kuma mutumin yana karanta harshen da ke kan allon. A wurinmu tambayar "wayar wa ce?" tana iya samun amsa uku: ɗan da ya aiko ta daga Jamus, ƙanin da aka yi rajistar sim da katin ɗan ƙasa nasa lokacin sabunta rajistar da aka fara a Oktoban 2021, da kuma uwar da take riƙe da ita dare da rana. Wannan giɓin shi ne gonarka.

Tambayar da za ta shiga aljihu

Kusan duk ɗalibin da ya zo mini da take yakan zo da wanda ya fi ƙarfinsa, irin "tsaron intanet a Gana". Ka rage shi har sai ka iya faɗin su waye za ka je wurinsu, da abin da za ka gani da idonka. Misali: yaya matan da ba sa karanta Turanci suke zaɓen wanda zai danna musu lambar MoMo? Me masu pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, a Asawase suke yi in wayarsu ta faɗi a hanya? In mace ta kai wayarta gyara a Adum, me take gogewa kafin ta miƙa, me kuma take mantawa? Kowace ɗaya ta ishe ka digiri. Ka gwada faɗa wa kakarka tambayar da Hausa. In ta gane har ta ba ka labarin wani da abin ya faru da shi, ka sami tambaya.

Izini kala biyu

Na farko na jami'a ne. Duk binciken da ya shafi mutane sai ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike, kuma jami'ar KNUST ta Kumasi da Jami'ar Gana ta Legon duk suna da nasu. Ka miƙa takardunka da wuri, kada ka yi hira ko ɗaya kafin amsa ta fito, domin manyan taruka da mujallu suna tambayar wannan izini. Ka kuma karanta dokar kare bayanan mutane ta 2012, wadda ake kira Act 843. A ƙarƙashinta addini da ƙabila da lafiyar mutum bayanai ne na musamman, ga shi kuwa a zango da wuya a yi hirar minti goma ba a taɓo ɗaya a ciki ba.

Na biyu na unguwa ne. Ka gaida sarkin unguwa, ka gaida liman, ka je wurin magajiya in mata za ka tambaya, ka zauna a majalisar samari ka sha ataya in su kake nema. Ka faɗi ɗan wane gida ne kai, da abin da za ka yi da maganar mutane. Amma a nan akwai tarko. In liman ya sanar bayan sallar Magariba cewa a ba ka haɗin kai, mutane za su zo don girmansa, ko da ransu bai so ba. Don haka in kun keɓe da mutum ka faɗa masa a fili: "Baba, in ba ka so, ba wanda zai ji cewa ka ƙi. Malam ma ba zan faɗa masa ba." Ka kuma cika wannan magana.

Takardar amincewa ka fassara ta da kanka, ka karanta ta da baki. Dangwala yatsa yana tsorata mutane da yawa, don sun sha jin labarin wanda ya sa hannu a takarda ya wayi gari da bashi. Ka roƙi kwamitin tun farko ya yarda da amincewar baki da za a ɗauka a rikoda. Kada ka nemi katin ɗan ƙasa na kowa, kada ka ɗauki hotonsa. Ɗan abin godiya da za ka bayar, sabulu ne ko kuɗin mota, ka ba da shi hannu da hannu. In ka tura ta MoMo, lambar mutum da cikakken sunansa na rajista sun zauna a wayarka ke nan, alhali yanzu ka gama yi masa alkawarin ba za ka ajiye sunansa ba.

Hirar kanta

A nan aikin yake, a nan kuma aka fi yin ɓarna.

Ka fara da sanin yadda kake kama a idon mutumin. Baƙo ne kai mai fara'a, mai iya magana, ka zo kana tambayar waya da kuɗi da lambar sirri. Haka ɗan damfara yake zuwa. Wanda ke kira ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure a taimaka a mayar masa, bayan ya aiko saƙon bogi mai kama da na kamfani, da ladabi yake magana. Wanda ke cewa daga ofis yake an toshe asusunka, shi ma haka. Wanda ke neman lambobi shida da WhatsApp ya turo maka, wai na shiga taron ƙungiya ne, da sallama yake farawa. In ka saba wa tsohuwa da cewa ba laifi ta buɗe wa baƙo mai takarda wayarta, ka share wa na bayanka hanya. Saboda haka nake buɗe kowace hira da magana ɗaya: "Hajiya, ba zan tambaye ki lambarki ba, ba zan taɓa wayarki ba. Duk wanda ya zo da sunan bincike ya nemi lambar, ki kore shi, ko da ni ce."

Har tambayoyin da ke zagaye lambar ka guje su. In ka ce "shekarar haihuwarki kika sa?" ta ce i, ga shi ka rubuta shekarunta a shafin farko, to lambar tana cikin jakarka. In kana son sanin yadda ake zaɓen lamba, ka tambaya a kan jama'a: "Mutane irinku a kasuwa, da me suka fi haɗa lambarsu don kada su manta?"

Sai maganar kalmomi. Da na fara, na fassara tambayoyina kai tsaye daga Turanci, nake cewa, "Kina damuwa da sirrinki a waya?" Amsar kusan kullum ɗaya ce: "Ni ba ni da abin ɓoyewa." Daga baya na gane zargi ke cikin tambayar, kamar ina nufin tana da wani abu a ɓoye da mijinta bai sani ba. Kalmomin da mutanenmu ke amfani da su daban ne: rufin asiri, amana, kunya, mutunci, sa ido, baki. Matar da ta ce ba ta da sirri, ita ce za ta yi minti ashirin tana bayyana maka dalilin da ba ta son dangin miji su san nawa ɗanta ke aiko mata, don kada buƙatu su yi mata yawa, don kuma bakin mutane. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kowa ya san haka, kalmar ce kawai ba ka kira daidai ba.

Ka tambayi abin da ya faru, kada ka yi wa mutum jarrabawa. "Ka san damfarar waya?" tambayar malamin makaranta ce, amsarta "na sani". Ka ce, "Daga asubar jiya zuwa dare, wa da wa suka riƙe wayarka?" Ka ce, "Ranar ƙarshe da baƙuwar lamba ta kira ka kan maganar kuɗi, kana ina, me ya ce, me ka ce?" Sannan ka yi shiru. Shirun yana da nauyi, za ka ji kamar ka cike shi, amma ka daure. Abin da ke fitowa bayan shiru shi ya fi daraja. Wani mahauci ya taɓa yin tsit har na ɗauka hirar ta ƙare, sai ya ce, "Ƙanwata, kashe abin nan." Na kashe rikoda. Ya faɗa mini yadda aka kwashe kuɗin shanun da ba nasa ba, da yadda ya yi watanni yana biya a ɓoye iyalinsa ba su sani ba. Ban sa labarinsa a kundina ba, don bai ba ni shi domin haka ba, kuma ko yanzu na sauya abin da zai sa a gane shi. Amma daga ranar na daina yarda da amsar "ba a taɓa cuta ta ba" in an ba ni ita a gaban mutane.

Wurin hira ka bar mutum ya zaɓa, ka kuma duba da kanka wa ke jin ku. Akwai kuskuren da har yau yake damuna. Na yi hira da wata matar aure a tsakar gida, wata 'yar'uwar mijinta tana wanki nesa kaɗan, ni ban ɗauke ta a bakin komai ba. Matar ta faɗa mini ta sa makulli a WhatsApp ɗinta saboda hotunan haihuwar ƙanwarta da yara ke buɗewa. Bayan kwana biyu ta aiko mini cewa an tsare ta a gida ana tambayar me take ɓoyewa. Na je na ba ta haƙuri, na goge hirar a gabanta, amma maganar ta riga ta fita. Tun daga nan, in akwai kunne na uku a kusa, hirar duniya kawai muke yi mu sa wata rana. In kai namiji ne kana son jin ta bakin mata, ka nemi mace ta yi hirar, kuma kada ta kasance 'yar layinsu.

Wani lokaci kana cikin hira za ka tarar ana kan cutar mutumin a daidai lokacin. Ka ajiye biro ka taimaka. Hukumar tsaron intanet ta ƙasa, wadda dokar 2020 ta kafa, tana karɓar ƙorafi ta lamba 292, kira ko saƙo. Ka raka shi ofishin kamfanin wayarsa in ya yarda. Ka riƙa yawo da wannan bayani a ƙaramar takarda da za ka bar wa kowa.

Mutum nawa za ka tambaya? Amsar da aka fi kawowa daga ƙasarmu ta fito. Greg Guest da abokan aikinsa sun nazarci hira 60 da aka yi da mata a Gana da Najeriya, suka wallafa a 2006 cewa kusan duk manyan batutuwan sun bayyana a cikin 12 na farko. Amma matan nan masu kama da juna ne a halin rayuwa, zango kuwa ba haka yake ba. Akwai Hausawa, Mosawa, Dagomba, Zabarmawa, Kotokoli, Fulani, Wangarawa, Yarbawa. 'Yar kasuwar Kejetia mai waya biyu da ɗalibin Ayigya da yarinyar da ta zo daga arewa tana dakon kaya ba sa cikin kwando ɗaya. Ka zaɓi rukuni ɗaya ko biyu, ka ci gaba da hira a kowane rukuni har ka ga sabon mutum ba ya kawo sabon zance.

Ido da gwaji

Abin da mutum ke faɗa da abin da yake yi sukan bambanta, ba don ƙarya ba, don sabo ba ya barin mutum ya lura da kansa. Ka nemi yardar mai MoMo ka zauna a rumfarsa na wasu awoyi, a kusurwar da ba ka ganin allon kowa. Ka lura da wanda ke miƙa waya, da wanda ke juya baya ya danna, da wanda ke aiko yaro, da sau nawa *170#, lambar da ake dannawa don shiga MoMo, ke katsewa kafin tsoho ya gama lalubo maɓalli. Wannan katsewar kaɗai ta bayyana mini rabin dalilin da ake miƙa waya. Ka rubuta ranar da lokacin, da abin da ke faruwa a ƙasa, domin hali yana bin yanayi: yadda mutane suka riƙa juya kuɗi bayan harajin tura kuɗi ya fara a Mayun 2022 daban yake da bayan an soke shi a 2025.

In za ka yi gwaji, ka yi da wayarka da sim ɗin da ka saya don aikin. Saƙonnin damfara ka buga su a kati, ko ka ɗauki muryar abokinka yana kwaikwayon kiran, ka kunna wa mutum bayan ka faɗa masa na gwaji ne, ka roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke zuwa masa a rai. Kada ka aika wa kowa saƙon bogi a wayarsa don ka ga ko zai faɗa. Akwai masu yin irin wannan da izinin kwamiti na musamman, amma a unguwar da za ka ci gaba da sallah a cikinta bai kai abin da zai jawo ba. Akwai kuma ma'aunin sauƙin amfani mai tambaya 10 da John Brooke ya tsara a 1986. Matakan amsarsa biyar ne, daga ƙin yarda sarai zuwa yarda sarai, kuma suna da wuyar faɗa da baki. Nakan jera marafan kwalba biyar a tabarma mutum ya nuna inda ya tsaya.

Ajiyar abin da aka ba ka

Yanzu muryoyin mutane suna hannunka, kai ne ka zama ƙofar da za a iya shiga ta cikinta. Ka yi ɗauka da rikoda ko tsohuwar waya marar sim, don wayarka ta yau da kullum tana iya kwafe fayil zuwa intanet ba ka sani ba. Kana isa gida ka mayar da su cikin ma'ajiyar da aka kulle a kwamfuta, VeraCrypt kyauta ce kuma ta isa, sannan ka goge na cikin rikodar. Ka ajiye kwafi na biyu a filas, shi ma a kulle, saboda wuta da ɓarayi. Kowane mutum ka ba shi lamba, takardar da ta haɗa lamba da suna kuma ta zauna a wani wuri daban, a rubuce da hannu. Kada ka tura murya ta WhatsApp ga mai taya ka rubutawa, kada kuma ka ɗora ta a shafukan da ke mayar da magana rubutu, tunda ba ka faɗa wa mai muryar za ta tsallaka teku ba. Mai taya ka rubutun ya zama daga wata unguwa, don murya kamar fuska ce.

Cire suna bai isa ba. In ka rubuta "wata Hajiya mai waakye (shinkafa da wake) a bakin masallaci, mijinta direban Bawku ne", ka faɗi sunanta har da na kakanta. Ka ce mai sayar da abinci, mai kimanin shekara hamsin, ka tsaya nan.

Ka rubuta maganar yadda aka faɗe ta. Hausarmu ta zango tana da kamanninta, ba ta cika raba namiji da mace a nahawu ba, tana cakuɗe da Tuwi, harshen Asante, da Turanci. Kada ka gyara ta zuwa Hausar littafi, domin wurin da mutum ya tsallaka daga wannan harshe zuwa wancan yakan nuna maka inda ya koyi abin. Ka yi nazarin a harshen da aka yi hirar, fassara ta zo a ƙarshe. Hanyar da Virginia Braun da Victoria Clarke suka shimfiɗa a 2006 ta fitar da jigogi ta ishe ka: ka karanta sau da yawa, ka yi wa kowane yanki alama, ka tara masu kama da juna. Ni da almakashi nake yi, in yanka in baza a tabarma. Ka ba wani ya yi wa wasu hirarrakin alama shi kaɗai, ku zauna ku ga inda kuka saɓa.

Abin da za ka fi nema shi ne hoton da mutum ke da shi a kai game da yadda abin ke aiki. Rick Wash ya yi haka a 2010 da mutum 33 a Amurka, ya fitar da hotuna takwas na yadda suke ɗaukar ƙwayar cutar kwamfuta da masu kutse, ya nuna kowane hoto yana sa mutum ya karɓi wata shawara ya ƙi wata. A nan na haɗu da masu ganin kuɗin a cikin sim ɗin yake kwance, don haka suke cire shi su ɗaure a zane da dare amma ba sa damuwa da wanda ya ji lambar. Na haɗu da masu ganin ɗaga kiran baƙuwar lamba kaɗai yana iya kwashe kuɗi, har suka daina ɗaga kiran asibiti. Kada ka rubuta "jahilci" a gefen irin wannan. Ka bi shi ka ga me yake karewa, me yake bari a buɗe.

In ka zo shawarwari, ka tuna tsohuwar Aboabo. "Kada ki faɗa wa kowa" ba ta da amfani a wurinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ka gina a kan abin da take yi. Ga kamfanoni, ka nuna da hujja buƙatar jerin zaɓi mai magana da Hausa da Tuwi, da ƙarin lokaci kafin layi ya katse, da hanyar da mutum zai wakilta wani a kan iyakantaccen kuɗi. Ga jama'a kuma ka koma da abin da ka samu kafin ka tura shi ko'ina: saƙon murya na minti biyu, zama a makarantar matan aure, hira a majalisa. Ka saurari gyaran da za su yi maka, ka sa shi a kundin.

Ita tsohuwar na koma wurinta bayan na gama, muka zauna a ƙofar ɗakinta muka yi shawara. Ta ce jikarta da ke kwana da ita ce za ta riƙa danna mata lambar, ba a bainar jama'a ba. Muka canza lambar a ranar, na juya baya suna yi. Kuɗin adashi ta ce ba zai ƙara kwana a waya ba, kuma duk wanda ya kira kan maganar kuɗi za ta ce ya jira jikarta ta dawo daga makaranta. Yaron rumfar da kansa ya ce hakan ya fi masa, don ya daɗe yana tsoron ranar da kuɗinta zai ɓata a ce shi ne. Shekaranjiya ta aiko jikar ta ce in leƙo ranar Juma'a bayan an sauko, wai an turo mata wani sabon saƙon murya da take so mu saurara tare.